Awa Takwas Cif-Cif: Nazarin Rahoton Lokacin Aiki a Wata Tawagar Masu Rubuta Manhaja

Kamfanin da wannan lamari ya faru a cikinsa ƙarami ne, yana Kano, kuma sana'arsa ita ce rubuta manhaja ga ƙungiyoyi da ma'aikatu. Mu tara ne a tawagar da ta riƙe kwangilar da zan yi bayani a kai: masu rubuta manhaja biyar, mai gwaji ɗaya, mai tsara fuskar manhaja ɗaya, manajan aikin, sai ni da ke kula da sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajojinmu da bayananmu, da kuma manhajar da muke bin diddigin ayyukanmu da ita. Kwangilar ta wata ƙungiya ce mai zaman kanta da ke son a gina mata tsarin tattara bayanai daga ƙauyuka ta wayar hannu, kuɗin kuma daga wani mai ba da tallafi na ƙasar waje suke fitowa. Ba a yi yarjejeniya a kan jimillar kuɗi ɗaya ba, a kan awa aka yi ta, wato kowane ƙarshen wata mu aika da takardar neman biya, mu haɗa da rahoton da ke nuna awowin da kowane ma'aikaci ya yi a kan kowane aiki a kowace rana.

Manhajar da muke amfani da ita Redmine ce, wadda Jean-Philippe Lang ya fara fitarwa a shekarar 2006, kyauta ce, kuma kowa na iya ɗora ta a kan sabarsa. A cikinta kowane aiki tikiti ne mai lamba. Idan mutum zai shigar da lokacin da ya kashe, sai ya zaɓi tikitin, ya sa ranar da ya yi aikin, ya rubuta yawan awowin, ya zaɓi nau'in aikin, sannan ya ƙara ɗan bayani in ya so. Akwai shafin da ke jera waɗannan bayanai ɗaya bayan ɗaya, akwai kuma shafin rahoto da ke tattara su bisa ma'aunai har uku, kamar mutum da tikiti da nau'in aiki, ya rarraba su bisa shekara ko wata ko mako ko rana, sannan a sauke sakamakon a fayil na CSV a buɗe shi a Excel. Da manaja ya nemi in fitar masa da rahoton da kwangila ta buƙata, na zaɓi mutum da tikiti, na ce a rarraba bisa rana, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba jadawalin ya fito. A ranar na ɗauka na gama nawa, kuma wannan zaton shi ne kuskurena na farko, domin fitar da jadawalin shi ne abu mafi sauƙi a cikin dukkan al'amarin.

Manajan mutum ne mai himma, yana kuma ɗauke da nauyin albashin mutane a wuyansa. Da ya ga jadawalin mako na farko, inda wani ya rubuta awa biyar a rana, wani shida da rabi, wata kuma huɗu, hankalinsa ya tashi, sai ya yanke shawarar cewa kowace Litinin da safe za a haska rahoton a bango a gaban kowa, duk wanda jimillarsa ta rana ta gaza awa takwas ya yi bayani. Na tuna yadda ya dubi ƙaramin cikin masu rubuta manhajar ya ce masa, "Malam, ranar Laraba awa huɗu da rabi na gani, sauran fa ina suka shiga?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, an ɗauke wuta, janareto kuma ya ƙi tashi sai bayan azahar." Manajan bai tsawata masa ba, amma duk wanda ke zaune a ɗakin ya fahimci abin da ake so. Kafin a yi mako biyu, kusan kowane gurbi a jadawalin ya koma awa takwas cif-cif, Litinin zuwa Juma'a, mutum bayan mutum.

Duk wanda ya san aikin rubuta manhaja ya san cewa da walakin goro a miya idan ya ga irin wannan jadawali. Ma'aikacin da ya shigo ofis ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe biyar ba awa takwas yake yi a kan tikiti ba. Akwai taron safe, akwai kiran waya daga abokin hulɗa, akwai jiran intanet ta dawo, akwai salla da cin abinci, ranar Juma'a kuwa ana tashi zuwa masallaci, ba a komawa kan aiki sosai sai wajen ƙarfe uku. Matsalar ita ce ban tanadar wa ko ɗaya daga cikin waɗannan wurin da za a rubuta shi ba. Na bar nau'o'in aiki biyu da manhajar take zuwa da su tun asali, wato tsarawa da rubutawa, ban ƙara komai ba, kuma babu wani tikiti na taro ko na jira. Mutumin da aka ce lallai ya kawo takwas, aka kuma ba shi rumbu ɗaya tak da zai zuba su, ba shi da zaɓi illa ya juye dukkan yininsa a cikin tikitin da ke buɗe a gabansa. Ba na kiran wannan ƙarya kai tsaye, domin yawancinsu sun yi yinin a ofis da gaske, amma abin da rahoton yake faɗa wa ƙungiyar da ke biyan mu ba shi ne abin da ya faru ba.

A wata na uku ƙungiyar ta turo mai binciken kuɗi, mace ce dattijuwa mai natsuwa. Ba ta tsaya a kan jimillar ba. Abin da ta nema shi ne a fitar mata da jerin bayanan ɗaya bayan ɗaya, a sa ginshiƙi biyu kusa da juna: ranar da aka ce an yi aikin, da ranar da aka shigar da bayanin a manhajar. Redmine tana adana duka biyun, ni dai ban taɓa kwatanta su ba. Da aka jera su sai ya bayyana cewa mafi yawan awowin mako ana shigar da su ne da yammacin Juma'a a zama ɗaya, wasu ma sai ranar ƙarshe ta wata. Ta kuma gano awa takwas-takwas da mutum biyu suka rubuta a ranar hutun Salla, lokacin da ofis yake a kulle, da wasu takwas na wani ma'aikaci a ranar da takardar hutunsa ta nuna yana gida wajen sunan ɗansa. Babu wanda ya yi niyyar cuta, mutane sun cike guraben mako ne daga ka ba tare da duba kalanda ba. Ta ce wa manajan, "Yallaɓai, ba na zargin yaranka da sata, amma ba zan iya sa hannu a kan takardar da ba zan iya kare ta ba." Ta bayyana mana cewa masu ba da tallafi da yawa suna da irin wannan sharaɗi, kuma ta kawo misali da dokokin tallafin gwamnatin Amurka, inda sashe na 200.430 ya ce kuɗin albashin da ake cajin tallafi dole ne su dogara a kan bayanan da ke nuna ainihin aikin da aka yi, ƙiyasin kasafi kaɗai ba ya zama hujja. An dakatar da biyan kuɗin watan har sai mun gyara.

Ni aka ɗora wa binciken, kuma na kwashe kwanaki ina bin bayanan layi-layi. Kafin in kai ga halayyar mutane, na ci karo da kurakuran lissafi da babu ruwansu da gaskiya ko rashinta. Manhajar tana karɓar lokaci ta fuska fiye da ɗaya: wanda ya rubuta 1:30 ko 1.5 ya shigar da awa ɗaya da rabi. Amma mutum uku a cikinmu sun saba rubuta 1.30 suna nufin awa ɗaya da minti talatin, alhali a lissafin goma-goma wannan awa ɗaya ce da minti 18, wato minti 12 sun salwanta a kowane shigarwa. Wanda ya rubuta 0.45 yana nufin minti 45, minti 27 kawai aka rubuta masa. Da yake ana neman jimillar ta kai takwas, sai su ga lissafi bai cika ba, su ƙara wani abu a wani tikiti don ya cika, ba tare da sun san dalilin giɓin ba.

Kuskure na biyu daga ofishin akanta ya fito, kuma shi ya fi tsada. Manyan ayyukanmu mun rarraba su zuwa ƙananan tikitoci a ƙarƙashin babban tikiti, manhajar kuma tana nuna wa babban tikitin jimillar da ta haɗa da awowin ƙananan. A taƙaitaccen shafin da ake liƙa wa takardar neman biya, akanta ya ɗauko wannan jimilla ta babban tikitin, ya sake tara awowin ƙananan a kanta, sai aka ƙirga wasu awowi sau biyu. Na uku kuwa nawa ne: na rubuta wani ɗan shiri da ke janyo bayanan kai tsaye daga sabar don ya aika wa manaja taƙaitawa ta imel kowace Juma'a, ban lura ba cewa ta wannan hanya manhajar tana bayar da bayani 25 ne a kira ɗaya idan ba a faɗa mata adadi ba, kuma ba ta wuce 100 ko an faɗa, sai an ci gaba da neman shafi na gaba. Taƙaitawar da manaja yake karantawa a wayarsa guntun mako ce kawai, wanda hakan ya ƙara masa zaton cewa mutane ba sa aiki. Wani kuskure yana rage lissafi, wani yana ƙarawa, shi ya sa jimillar wata ba ta taɓa yin nisan da zai ja hankalin kowa ba.

Abin da ya fi damuna bai fito a rahoton mai binciken ba, kuma ya shafi mai gwajinmu. Ita kaɗai ce ta ƙi cike takwas. Tana rubuta abin da ta yi a ranar da ta yi shi, minti arba'in a nan, awa ɗaya da kwata a can, jimillarta ta rana tana tsayawa tsakanin biyar da shida, saboda haka kowace Litinin sunanta ne a ƙasan jadawalin, har aka fara maganar ko aikin nata na cikakken lokaci ne. Da na bi tarihin tikitocin sai na ga cewa kusan babu tikitin da aka rufe ba tare da ta taɓa shi ba, kuma sa'o'in da take zama kusa da mai rubuta manhaja tana nuna masa yadda kuskure yake faruwa a tsohuwar waya mai ƙaramar ma'ajiya, shi ne yake rubuta su a sunansa, ita ba ta rubutawa, domin a ganinta tikitin ba nata ba ne. Da mai binciken ta kwatanta ranakun, bayanan wannan baiwar Allah ne kaɗai suka tsaya ba tare da gyara ko ɗaya ba. Wata uku muna tuhumar mutumin da ta fi kowa riƙon amana a cikin lamarin, da hujjar jadawalin da ni na fitar, kuma har yau ina jin nauyin hakan.

Akwai kuma asarar da ba a gani nan take. Ɓangaren da ya fi wahala a aikin shi ne sa manhajar ta adana bayanai a waya lokacin da babu sabis, ta aika su idan an shigo gari, ba tare da bayanan ma'aikata biyu sun ci karo ba. An ƙiyasta masa awa 40, rahoton kuma ya nuna kusan 40 ɗin, domin da zarar mai aikin ya ga ya kusa cinye ƙiyasin sai ya koma zuba awowinsa a wani tikiti da aka sa wa suna "gyare-gyare", wanda ya zama juji ga kowa. Da muka sake lissafi daga tarihin lambobin da aka tura, wato rubutun manhajar da masu aikin suke aikawa a adana, ainihin lokacin ya kusa ninki biyu. Kafin a gano haka, manaja ya riga ya yi amfani da adadin 40 wajen yi wa wani abokin hulɗa farashin irin wannan aiki. Babban amfanin rubuta awowi a kan kowane tikiti shi ne kamfani ya san abin da kowane irin aiki yake ci, don ya yi ƙiyasi na gaskiya a gaba, kuma wannan amfanin ne muka lalata da hannunmu.

Masanin tattalin arzikin Ingila Charles Goodhart ya yi nuni tun a 1975, a kan manufofin kuɗi, cewa alƙalumman da ake dogara da su sukan lalace da zarar an matsa musu lamba don a sarrafa mutane da su. Abin da ya same mu ke nan a ƙaramin mataki. Ba ina cewa rubuta lokacin aiki na kowace rana abu ne marar kyau ba. A ranar 14 ga Mayu 2019 Kotun Tarayyar Turai, a shari'ar da ƙungiyar ƙwadago ta CCOO ta Sifaniya ta shigar a kan reshen bankin Deutsche Bank na ƙasar, ta yanke cewa dole ne ƙasashen tarayyar su wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata tsarin auna lokacin aikin kowane ma'aikaci a kowace rana. Sai dai manufar wannan hukunci kare ma'aikaci ce, don a tabbatar ba a wuce da shi matsakaicin awa 48 a mako ba, kuma ya samu hutun awa 11 a jere a kowace rana. Rajistar shiga da fita daban take da lissafin abin da tikiti ya ci, tambayoyi biyu ne mabambanta, mu kuwa mun ɗauki jadawalin tikiti muka ce ya amsa mana tambayar wane ne ya zo aiki kuma wane ne rago.

Da na kai wa manaja wannan bayani bai karɓa nan take ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce kamfani yana biyan albashin cikakken yini, idan awa biyar da rabi kawai za a iya cajin abokin hulɗa, to wa zai biya sauran. Amsar da muka cim ma bayan doguwar muhawara ita ce, wurin warware wannan shi ne farashin awa, wato a sa shi yadda zai ɗauki nauyin lokacin da ba a caji, kamar yadda tela ba ya lissafa wa mai ɗinki lokacin da ya yi yana gyara keke, amma kuɗin ɗinkin sun ƙunshi wannan. Ƙara awowin da ba a yi ba a cikin rahoto kuwa karɓar kuɗin mutane ne a kan aikin da ba nasu ba, ko da babu wanda ya yi niyya.

Gyaran da muka yi a manhajar bai ɗauki yini biyu ba. Na buɗe wani aiki na cikin gida wanda ba a cajin kowa, na sa masa tikitocin taro da horo da jiran wuta ko intanet da hutu, na kuma ƙara nau'o'in aiki da suka haɗa da gwaji da duba lambobin abokin aiki da taimakon wani, aka amince cewa wanda ya taimaka a kan tikitin da ba nasa ba ya rubuta lokacinsa a can da sunansa. Na mayar da nunin lokaci zuwa awa da minti, aka hana rubuta ɗigo. Na kunna saitin da ke ƙin karɓar rana mai zuwa, da wanda ke iyakance awowin da mutum zai shigar a rana ɗaya, na kuma wajabta zaɓen tikiti da rubuta bayani. An rufe tikitin "gyare-gyare". Ƙa'idar lokaci ita ce a shigar a ranar, ko kafin azahar ta washegari, wanda kuma intanet ta yanke masa ya rubuta a littafin da ke kan teburinsa ya kwafe da safe. Masu rubuta manhaja sun fi son hanyar da Redmine ta tanada ta rubuta lambar tikiti da yawan lokaci a cikin saƙon da ke raka lambobin da suka tura, domin ba sai sun buɗe wani shafi ba. Da yake manhajar ba ta ajiye tarihin gyaran da aka yi wa bayanin lokaci, sai muka riƙa sauke fayil ɗin kowane wata a rana ta biyu ta sabon wata, manaja da akanta su sa hannu, duk gyaran da zai biyo baya sai da takarda.

Sauyin da ya fi wuya shi ne na wanda zai ga me. An daina haska rahoton mutum-mutum a bango. Kowane ma'aikaci yana ganin bayanansa kaɗai, manaja da akanta suna ganin na kowa, abin da ake kawowa taron Litinin kuma shi ne rahoton tikiti, wato abin da aka ƙiyasta da abin da aka kashe, ba tare da sunaye ba. Lauyan kamfanin ya goyi bayan haka, yana mai tunatar da mu cewa Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta buƙaci a tattara bayanan mutum don manufa bayyananniya, kada a karkatar da su zuwa abin da ya saɓa mata, saboda haka aka rubuta wa ma'aikata a takarda dalilin tattara awowin da waɗanda za su gan su.

Watanni ukun baya kuwa sai da muka sake gina su daga tushe. Kowa ya zauna da tarihin lambobin da ya tura, da tarihin tikitoci, da kalandar taro, ya fitar da abin da zai iya kafa wa hujja. Duk awar da ba a samo mata shaida ba an cire ta daga takardar neman biya, aka kuma rage abin da aka ƙirga sau biyu daga kuɗin watan da ke gaba. Kamfanin ya yi asara, wataƙila har da ta awowin da aka yi aikinsu da gaske amma babu abin da zai tabbatar da su. Mai binciken ta karɓi sabon rahoton, aka saki kuɗin.

A watannin da suka biyo baya jadawalin ya daina kyan gani. Wata rana mutum yana da awa uku a kan kwangila da huɗu a jiran wuta, wata rana yana da tara saboda an kwana ana gyara kafin a kai manhajar ƙauye. Tikitin jiran wuta da intanet ya tara awowin da suka sa mai kamfanin, da ya gan su a rubuce a karo na farko, ya amince a sayi batura da na'urar adana wuta, abin da aka daɗe ana roƙo ba a samu ba. Mai gwajin ta fara bayyana a kusan kowane tikiti, maganar rage mata lokaci kuma ta mutu. Akwai abin da har yanzu ba mu daidaita a kai ba: babban mai rubuta manhajarmu yakan ce mafitar matsala takan zo masa ne a hanyar gida ko bayan sallar isha'i, ya tambaya ko wannan lokacin na tikiti ne ko nasa. Manaja yana ganin kada a rubuta sai abin da aka yi a gaban kwamfuta, ni kuma ina ganin a rubuta in dai zai iya faɗin abin da ya warware a cikin bayanin. A yanzu yana rubuta rabin awa a irin waɗannan ranaku tare da bayani, akanta kuma yana ware su a shafi na daban, ƙungiyar ta zaɓi ko za ta biya.